Bashin Hantsi

Asabar ce. Ba aji, ba alli a yatsuna.
Hantsi ya leƙa gidan kowa, ya leƙo nawa,
ya tarar da ni a tabarma, ban karya ba.
Sai ga babur ɗin Dalhatu a ƙofar gida,
tsohon nan mai tari uku kafin ya yi shiru.
Ya kwana aiki a asibitin Shika,
idanu jajir kamar gauta.
Ya ce, "Ɗauko hularka, mu je wajen Lantana."

Ba karin kumallo ba ne, wannan ya wuce mu,
ba na rana ba ne, ladan bai ko nemi buta ba.
Ci ne na tsakani, marar suna,
na mutanen da agogo ya saki yini guda.

Shagon na bayan Agoro, cikin Tudun Wada:
tebur huɗu, benci mai ɗingishi,
labule da zanen kifi ya koɗe,
fanka na kaɗa kai kamar mai cewa a'a,
kalandar bara na rataye, ba wanda ya sauke ta.
Daga baya ƙullu na faɗawa tanda,
ƙamshi ya riga yarinyar isowa.

Waina goma sha biyu, gefenta ya soyu,
cikinta fari, mai laushin auduga.
Miyar taushe, kabewa ta narke a ciki,
ga tantaƙwashi guda, mun san za a yi shari'a kansa.
Kunun gyaɗa kofi biyu.
Nasa ba sukari, likita ne ya hana,
shi da ke hana wasu, yau ga shi an hana shi.

Muka wanke hannu a roba ɗaya.
Muka zagi kuɗin mai, muka zagi ramukan Kwangila,
muka tuna malamin lissafi da dorinarsa,
da ranar da muka tsere wanka a Kubanni
aka sace mana takalma.
Ya yi dariya har yaji ya sarƙe shi,
na buga masa baya, na miƙa ruwa.

Sai ya tsaya yana juya kofi a tafinsa.
Ya ce, "Na sami aiki a Lakwaja.
Ƙarshen watan nan."
Wani Keke Napep ya wuce da kiɗa.
Na ce, "Allah ya sa alheri,"
muryar ta fito kamar aro na yi.
Shekara ashirin da shida,
ban taɓa neman lambar gidansa ba, ƙafa ta sani.

Waina ɗaya ta rage a faranti.
Na tura masa, ya turo mini.
Ta huce a tsakaninmu, mai ya daskare a kanta.
Ƙashin ma ba wanda ya ƙara dubawa.

Wajen biya muka yi kokawar da muka saba:
na riƙe hannunsa, ya riƙe aljihuna.
Ya zaro kati, na zaro nawa.
Lantana ta ɗaga na'ura sama, ta kai ta bakin ƙofa,
ta girgiza ta, ta ce, "Sabis ya ɗauke."
Muka laluba: ɗari biyu, da tsinken sakace.

Ta jawo littafi mai bangon da ya sha manja,
ta lashi yatsa, ta ce, "Sunan wa zan sa?"
Na ce, "Dalhatu. Rubuta da kyau.
Ko na kawo kuɗin gobe, kar ki karɓa.
Ko ya turo ta waya, ki mayar masa.
Da ƙafarsa zai zo ya biya, a bencin nan."

Ta dube ni, ta dube shi, ta rubuta.
Dubu uku da ɗari huɗu.
Ta ƙulle wainar nan a leda, ta ba shi.

A waje rana ta take.
Babur ya ƙi tashi.
Na tura shi har kwanar masu faci,
ban yi sauri ba.