Makullin Ƙofar Baya

A Matosinhos, kafin gari ya waye,
teku ce ke fara tashi, sai tsuntsaye, sai ni.
Shekara goma sha tara ina yanke kan sardin,
yau wata bakwai ke nan da aka ce ni ce babba.

Ranar da Dona Zulmira ta miƙo mini makulli
ba ta yi wa'azi ba.
Ta kama hannuna, ta juya tafin, ta shafa kantar da ke ciki,
ta ce, "Graciete, kar ki bari wannan ta warke."
Ta buɗe lemarta, ta shige yayyafi.
Na ɗauka zolayar tsofaffi ce.

Makon farko na haye bene,
inda taga ke kallon mata arba'in da biyu
kallon da shaho ke yi wa 'yan tsaki.
Na ƙirga gwangwani, na ƙirga minti,
na ja layi ƙarƙashin sunan duk wadda ta makara.
Daga sama, kowa ƙeya ce da farar hula.
Ban ga yatsun Filomena sun kumbura ba.
Tarin Idalina kuwa, gilashi ya shanye shi.

Sai wata Laraba jiragen Amílcar suka dawo
da kifi fiye da abin da muka roƙa,
injin sanyi ya zaɓi ranar ya mutu.
Kifi ba ya jiran sa hannun kowa.
Na sauko.
Ba kirki ne ya sauko da ni ba, tsoro ne.
Na sa rigar leda, na laluba almakashina,
na tarar Idalina ta shafa masa mai, ta naɗe a tsumma,
kamar mai ajiye wa matafiyi tuwo.

Muka kai ƙarfe biyun dare.
Gishiri ya sami tsagar yatsana, ya gaishe ni da sunan yarinta.
Ba wadda ta ce sannu.
Filomena dai ta muskuta kan benci,
ta bar mini wurin da bai fi tafin hannu ba,
kuma duk takardun da na sa wa hannu
ba wadda ta naɗa ni kamar wannan.

An ce babba juji ne.
Gaskiya ne, kuma jujin kifi ba ya ɓoyuwa.
Mai kamfani ya zubo nasa: a ƙara sauri.
Mata su zubo nasu: a ƙara kuɗi, a gyara famfo.
Ni ce na ce masa a'a, murya na rawa.
Ni ce kuma na dakatar da Benilde, ƙawata tun makaranta,
don ta rufe gwangwani kan kifin da ya juya.
Har yau in mun haɗu a kasuwa
sai ta tsaya duban farashin albasa.
Ban san ko za ta yafe ba.
Na san dai wani yaro a wata ƙasa
zai buɗe gwangwanin da burodi a hannu,
bai san sunanmu ba, ya yarda da mu.

Ran Lahadi na kai wa Zulmira lemo.
Idonta ya yi rauni, ba ta tambayi lissafi ba.
Ta lalubo tafina, ta daɗe tana shafawa,
sannan ta ce shayin ya huce, in ɗora wani.

Gobe ƙarfe biyar saura kwata
zan buɗe ƙofar baya, in kunna fitila,
in zuba ruwan ɗumi a bokiti saboda yatsun Filomena.
Makullin yana ɗan cijewa.
Sai an ɗaga ƙofar da kafaɗa.