Ƙofar Gefe

Shekara talatin Baba Tanimu na kiran fasinja a tashar Aboabo:
"Tamale! Bolga! Saura mutum ɗaya!"
Ko a Asawase kake, sai ka waiwaya.
Muryar ce ta fara tafiya, ko sallama ba ta yi ba.
Sai harshe ya yi nauyi,
sai maƙogwaro ya manta hanya,
koko ya bi ta inda iska ke bi,
ya yi ta tari har idanunsa suka kaɗa.

Sau biyu na huda masa bel da ƙusa tun ƙaramar salla.

A Komfo Anokye, Dokta Afriyie ta zana tumbi a bayan kati,
ta ɗiga masa ɗigo: "Ta nan robar za ta shiga."
Tana Turanci, tana Tonanci,
ni ina mayarwa Hausa,
ina tace magana kamar mai tace gasara,
dusar na riƙe a bakina.

Dusar ita ce allurar barci.
Ƙirjinsa ya yi rauni.
In ta yi yawa, numfashi na iya kwantawa tare da shi
ya ƙi tashi.
In kuma aka jira wata biyu, uku,
ko kaɗan ɗin ba zai ɗauka ba.

Na ce, "Baba, ɗan gyangyaɗi ne kawai."
Ya yi mini kallon da yake wa direban da ya danne kamasho,
ya jawo tsohon littafin tikiti,
biro na jan ƙafa a hannunsa:
Faɗi sauran.

Na faɗa.

Yaya Sabi'u ya bugo daga Nima, waya na rawa don faɗa:
"Kada a huda mana uba!
Bakin da Allah ya tsaga, ba ya hana shi abinci."
Baba ya saurara har ƙarshe.
Ya ɗauki lokaci a kan tikitin Bolga:
Shi ya tsaga, Shi ya rufe.
Mota ma tana da ƙofar gefe.
A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
Shayi fa?

Likita ta ce ɗigo a kan harshe, ban da kurɓa.
Ya dangwala yatsa.

Talata da safe suka maƙala masa wani abu a ɗan yatsa
mai ƙirga iskar jini,
casa'in da biyar, casa'in da huɗu,
suka tura gadon. Ƙofa ta rufe da kanta.
Na zauna a benci da takalmansa a cinya,
ban san dalilin da ya sa ban ajiye su ba.
Can bakin titi yaron tirotiro na kiran Kejetia,
muryarsa siririya, ba ta kai rabin ta Baba ba.
Na ƙirga kiran. Na ɓata. Na sake.

Minti arba'in.
Nas ta leƙo ta ce, "Tsohonku ya farka, yana harararmu."

Robar ba ta fi kaurin biro ba.
Aka koya mini: ɗaga kansa, ruwa tukuna,
sirinji a hankali, kada ki yi gaggawar 'yan tasha.
Na buɗe baki zan yi masa bisimilla,
ya ɗaga yatsa.
Tasa ce.
Leɓɓansa suka motsa, ba sauti, na jira ya gama.

Ba wanda ya ce zai warke.
Jiya cokali ya faɗi daga hannun hagu, wanda muke cewa mai lafiya.
Littafin tikitin saura ganye goma sha ɗaya,
na ƙirga yana barci.

Bayan lisha na tsoma cokali a shayi,
na taɓa masa harshe.
Ya rufe ido, ya daɗe.
Ya laluɓo biro.

Sukari ya yi kaɗan.