Tsoron Dala Goma

A Bilbis, bayan lisha,
Alkasum yakan ja zana ya rufe rumfarsa.
Dala goma kowane kai,
benci uku, da tele mai tsaguwa a kusurwa.
Da kuɗinmu muke sayen tsoro,
alhali a waje kyauta ake raba shi.

Fim ɗin ba ya gaggawa, shi ya sa nake son sa.
Wani birni ne da ruwa ba ya ɗaukewa,
fitilar titi na ƙifce-ƙifce kamar idon mai zazzaɓi.
An tsinci gawa a bakin kwata,
ɗan sanda ya tsuguna, taba a leɓe,
yana auna raunin da yatsa.
Ba mu jin yarensa, amma mun ji abin da fuskarsa ta ce:
wannan ba aikin wuƙa ba ne.

Rabin awa ba mu ga dodon ba.
Takun ƙafa kawai. Numfashi bayan ƙyaure.
Kare ya yi haushi sau biyu, ya yi tsit.
Bizo mahauci, mai kada bijimi shi kaɗai,
ya matso har gwiwarsa ta taɓa tawa.

Kakata Tamo ta riga su ba ni labarin.
Ta ce can ƙauyensu akwai wani mai saida kanwa,
dare ya raba ya rikiɗa kura,
gari ya waye ya amsa sallama,
da gashin akuya maƙale a haƙori.
Nasu kyarkeci, namu kura.
Jima ce ta bambanta, fatar ɗaya ce.

Bara ina kabu-kabu.
Na ɗauki wani a tasha, farar riga, ƙamshin turare,
ya kira ni ɗan'uwa, ya tambayi lafiyar iyali.
Hanyar Kufan Tawa, inda fitilu suka ƙare,
na ji sanyin ƙarfe a haƙarƙarina.
Babu wata a sama ran nan.
Bai yi gashi ba, bai yi kuka ba.
Ya ce sauka, na sauka.

To ka ga, dodon fim yana da kunya.
Yana jiran wata ya cika, ka iya ƙirga kwana,
yana nuna haƙora kafin ya ci.
Ɗan sandan kuma ba ya cewa ka dawo Litinin.

Amma ba don wannan nake komawa ba.

Wata uku bayan moto, a bakin kasuwa,
aka yi ihun ɓarawo.
Yaro ne, da wayar wani a hannu.
Ban san sa'ad da na bar inuwa ba,
sai na ga rabin bulo a tafina,
da wata murya na fita daga maƙogwarona
wadda uwata ba ta haifa ba.
Motar polis ce ta raba mu.
Bulon bai bar hannuna ba, Allah ya sani,
amma sau uku na wanke hannun a famfo.

Shi ya sa nake jiran wurin nan:
safiya, mutumin ya farka a daɓe tsirara,
yana duban faratansa,
yana tambayar madubi ina ya kwana.
Benci na ihu a kashe shi.
Ni shiru nake yi.

Jiya ana dab da harbi wuta ta ɗauke.
Alkasum ya ce kuran ya tafi.
Wani yaro a duhu ya ce, kurar fa?
Muka yi dariya, babu wanda ya fara tashi.

Na biyo ta tabkin Babaye, wata ya yi fari fat.
Na waiga na duba inuwata.
Ƙafa biyu, har yanzu.
Ya ce gobe zai ƙarasa mana.
Na ware dala goma daga kuɗin shayi.