Wasiƙa Daga Ɗakin Fayil

Barista Suwaiba, gaisuwa daga ɗakin fayil,
ɗakin da kika ce yana warin tsohon buhu.
Har yanzu fankar nan sai an roƙe ta take juyawa,
har yanzu ni ne a bakin taga,
Ma'aruf, mai ɗaure takardu da jan zare.
Shekara ashirin da shida ban taɓa yanke hukunci ba,
amma kowane hukunci ta hannuna yake wucewa.

An ce a Malesiya kullum sai ruwa ya sauka.
Mu ma ya sauka mana daren Talata,
ya bi ta ɓular kwano,
ya sami shari'ar gadon wasu mutanen Yakasai.
Tawada ta narke, gida uku suka zama tabo ɗaya.
Na shanya su a benci kamar kilishi.

Kin aiko in ɗauko miki hoton rajista,
shafi bayan shafi, na masu jiran shari'a,
wai malaminki na so ya gani da idonsa
yadda "an ɗage" ke haifar "an ɗage".
Na ɗauka. Wayata ta yi zafi, ta mutu sau biyu.
Ina kan suna na ɗari huɗu da sha ɗaya
ladan ya katse ni.

To ga abin da ya zaunar da ni rubutu.
Kin tuna Tasi'u, mai walda na Ƙofar Ruwa,
wanda aka kama kan injin ban ruwa?
Damina huɗu yana Kurmawa, an ce fayil ɗinsa ya ɓace.
Uwarsa, Iya Tabawa, duk Litinin tana nan
da ƙosai a leda, a gindin dalbejiya.
Ba ta tambayar kowa. Ƙofa kawai take kallo.

Jiya na durƙusa neman murfin biro
sai na ga abin da ke tokare da ƙafar kabad.
Wani ne, wata rana, ya ga kabad na rawa,
ya ninke takarda ya cusa, ya tafi sallah.
Na ja a hankali. Gara ta ci gefe, ta bar sunan.
Suwaiba, shekara huɗu mutum na riƙe da kabad
bai sani ba.

Ban yi kuka ba. Tashi ne dai ya gagare ni.
Na sa rabin bulo a gurbin,
na kai wa alƙali da hannuna.
Ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi,
sannan ya ce Alhamis.

Wasu a nan na cewa kin tafi ke nan,
wai bakin da ya saba da shayin waje
ba ya komawa kunun tsamiya.
Lauyoyi a inuwar mota suna dariya:
"Za ta dawo mana da dokar da ba ta jin Hausa."
Ban tanka ba.
Ina nan ranar da kika tsaya a ƙofar kurkuku
da baƙar riga, rana tsaka, kina kiran sunaye
har muryarki ta dushe.

Karanta duk abin da suka ɗora miki.
Ki leƙa inda suke ajiye sunan mutum,
inda ruwa ba ya kai, gara ba ta kai.
Ki tambaye su kwana nawa doka ke haƙuri
kafin ta ce a buɗe ƙofa.
Sai dai ki riƙe faɗin ɗakin nan a ranki:
taku tara ne da rabi,
wuta kuma sai la'asar, in ta ga dama.
Abin da za ki ɗauko mana
ki auna shi da ƙofarmu tun daga can.

Iya Tabawa na gaishe ki.
Na ce mata Alhamis. Ta ce wace?
Na ce wannan mai zuwa.
Ta gyara ɗaurin ledarta,
ta sake tambaya.