Gwaji a Dilimi

Buhu arba'in na dankali na sayar,
har da babur ɗin da ke kai ni Bukuru.
Na ƙulle kuɗin a aljihun ciki,
na gangaro Dilimi, sanyin Jos na cizon kunne.

Shagon Tanimu bai fi akurki ba.
Injuna uku jingine da bango,
kamar sandunan makafi masu jiran jagora.

"Mai babban faifan nan," in ji shi,
"yana jin abin da ke can ƙasa, kamu uku,
amma gwal kamar ƙwayar acca
zai tsallake shi bai ce uffan ba.
Ƙaramin kuwa kunnen ɓera gare shi,
sai dai ba ya nutso.
Na ukun," sai ya gyara hula,
"rabin kuɗi ne, ga fitila, ga allo mai launi."

Davou ya riga ya ja mini kunne:
ƙasar tudun nan baƙin yashi gare ta,
tana sa inji surutu kamar mai zazzaɓi.
Nasa ya kwana bakwai yana kuka a dajin Toro,
ya dawo da marfin kwalba, ƙusa,
da cokalin da wani Bature ya yar.
"Kada ka saya," ya ce, "sai ka gwada da gwal na gaske."

To, na zo da gwal na gaske.
'Yan kunnen Inna, a ƙulle cikin tsumma.
Baba ya saya mata shekarar da kamfani ya rufe,
bayan shekara ashirin yana wankin kuza,
ruwa har gwiwa, ƙwarya a hannu,
tafinsa ya tsage kamar ƙasar fadama a rani.
Ya bar mana tari a kunne,
da kududdufai masu cin yara,
da waɗannan.
Ba ta sa su sai ranar Sallah.

Muka binne su a bokitin yashi.

Mai babban faifai ya wuce, ya dawo,
ya yi gunaguni can ƙasa-ƙasa.
Tanimu ya dubi allo, ya dube ni, ya dubi titi.
Ƙaramin ya yi tsaki sau biyu,
lambar ta tsaya inda ƙusa ke tsayawa.
Sai mai fitila ya ɓarke da guɗa,
ya rubuta gwal da manyan baƙaƙe,
kamar maroƙin da ya hango babbar riga.

Tanimu ya ɗauko mayen ƙarfe daga aljihu.
Bai ce komai ba.
'Yan kunnen suka yi tsalle suka manne.

A waje wata mai tumatir na ciniki,
wani yaro na tura baro yana cewa a ba shi hanya.
Na tsaya ina tunanin wanda ya cuci Baba,
ko kuwa Baba ya sani,
abin da hannu ya kai ke nan,
ya miƙa mata, ta karɓa da hannu biyu.

Da na so, da na ɗauki mai guɗa,
in koma gida da canji da labari mai daɗi.
Amma wanda zai haƙa rami da bayansa
ba ya hayar maƙaryaci ya nuna masa wuri.

Na ƙirga wa ƙaramin kuɗinsa,
na ƙara batir biyu da abin sawa a kunne,
ko na mota bai rage ba.
Na tako a ƙasa har Unguwar Rogo,
inji a kafaɗa kamar fartanya.

Inna na bakin murhu.
"Ya ji su?" ta ce.
Na sa mata ƙullin a tafin hannu.
Na ce, "Ya ji su, Inna.
Duka ukun sun yi magana."