Idon da ke Kusurwar Falo

Sau huɗu cikin mako guda ƙararrawar ta kurma ihu,
duk wajen ƙarfe uku na dare,
a nan Valdivia, inda ruwan sama ba ya sallama in zai zo,
ba ya ban kwana in zai tafi.
Na sauko da tocila, da sandar tsintsiya,
sanyin katakon bene na cizon tafin ƙafata.
Babu ɓarawo, babu ko warinsa.
Sai Pancha bisa kujera tana lasar gashinta,
tana harara ta kamar ni ne baƙon.

Maƙwabciyata Herminia ta buga ƙofa,
laimarta a karye, bargon ulu a kafaɗa.
“Nibaldo, ka mutu ne ko da saura?”
Na ce da saura.
Ta ce to ɗora mana ruwan shayi.

Ran Alhamis kamfani ya aiko Yasna,
yarinya siririya, tsani ya fi ta tsawo.
Ta ɗaga kai, ta dubi na'urar, ta dubi murhu,
ta yi dariyar da ba ta fito ba.
“Wa ya kafa ta tana kallon wuta?”
Ɗana Baltasar ne, kafin ya tafi arewa haƙar tagulla.
“Ai wannan ido bai san fuska ba, Baba.
Ɗumi yake ji in ya gitta.
Kai da kyanwa da hucin murhu, duk sunanku ɗaya a wurinsa.”

Ta kwance murfin da ƙaramin sukudireba.
Ashe gizo-gizo ya yi ɗaki a ciki,
har da ƙwai, har da ragowar abincin jiya.
Ta hure, ta goge gilashin da busasshen ƙyalle,
ba ruwa, ba sabulu.
Ta zare batir ta juya shi a yatsu:
“In ya tsufa sai ya fara ƙarya.”
Na ce ba shi kaɗai ba.

Ta mayar da idon bangon da ke fuskantar ƙofa,
sama da mita biyu kaɗan,
ta gyara wuyansa ya bar wa Pancha ƙasan ɗaki.
Akwai wani maɓalli kamar ƙwayar shinkafa,
ta tura shi gefe:
yanzu sai ya ji motsi sau biyu kafin ya buɗe baki.
Da an yi wa wasu mutane haka.

“Ratsa falon mu gani.”
Na ratsa. Jar fitila ta ƙifta.
“A hankali.” Na ja ƙafa. Ta ƙifta.
Muka saki Pancha, ta wuce da rangwaɗa,
idon bai tanka ba.

Saura labule.
Eulalia ce ta ɗinka shi, shekarar da aka yi ambaliya.
In murhu ya yi zafi da dare, iskar takan ɗaga shi,
ya kumbura, ya sauka,
kamar ƙirjin mai barci.
Yasna ta ce a cire, ko a ɗaure.
Na buɗe gwangwanin ɗinkin da ban taɓa ba shekara biyu,
na zaro koren zare, na ɗaure shi da kaina.

Yau mako uku, gidan tsit.
Duk farkon wata zan hau kujera in share ƙura,
na rubuta a kalanda, kusa da ranar magani.
Amma ƙarfe uku na yi, idona ya buɗe.
In kasa kunne.
Ruwa a kan kwano. Minsharin kyanwa.
Fitilar Herminia a kashe.

Ran Lahadi na gyara wata tsohuwar laima,
na tsallaka kwata da rana tsaka,
na buga ƙofarta sau biyu.
Ta leƙo: “Me kuma ya yi ƙara?”
Na ce ba komai.
Ta daɗe tana duba na,
sannan ta matsa gefe ta ba ni hanya.