Bakanike a Cikin Waya

Babana a gindin ceɗiya ya ƙare zamansa,
kasuwar Aliero, dab da masu buhun albasa,
sifana a hannu, kunne ga hanya,
yana jiran wanda injin ban ruwansa ya mutu.
Wata rana mutum uku. Wata rana ƙuda.

Na gaji ceɗiyar, na kuma gaji da ita,
har ranar da Hajo, 'yar yayata,
ta zo da waya mai tsagaggen gilashi,
ta ce, "Kawu, kai dai kwance injin nan,
kar ka dube ni."
Ta ce za ta ɗora ni a Tiktok, ta sa ni a sitatus.
Na ce, ni kayan jaki ne da za a ɗora?

Kwana uku, mutum goma sha ɗaya suka kalla.
Bakwai dangi ne.
Ɗaya Labbo ne, bakaniken tsallaken titi,
ya leƙo neman abin dariya.

Sai ranar da tiyo ya kuɓuce a fadamar Malam Tunau,
ruwa ya make ni a ƙirji, na zauna daɓas cikin taɓo,
hulata ta bi lambatu tana iyo.
Hajo ba ta sauke waya ba.
Dubu arba'in! Daga Kano, daga Yamai,
har wani a Jidda ya aiko fuskar dariya mai hawaye.
Na ce, Hajo, jajayen zukatan nan da suke ta zubowa,
mudu nawa na gero suke saye?
Ta sunkuyar da kai.

Daren nan barci ya ƙi.
Mai dariya a Jidda ba shi da kadada a Jega.
Masu kadada kuwa, da yawansu
kunne ne allonsu.
Da safe na ce, bar rubutun nan, ba ni in yi magana.

Na kai fulogi dab da idon waya.
"Jama'a, in inji ya yi tari ya mutu,
kar ku yi saurin ɗauko shi.
Ga inda datti ke laɓewa, ga yadda ake goge shi."
Na faɗi lambata sau biyu, a hankali,
kamar mai biya wa yaro karatu.

Labbo ya ce, "Arzika, ka zare.
Wa ke buɗe tukunyar miyarsa a tsakar kasuwa?"
Ban ba shi amsa ba.
Ni ma cikina ya ɗuri ruwa.

Mako guda shiru. Sannan saƙon murya,
wani dattijo daga Sabiyal, numfashi na katse masa zance:
"Yaro, na goge, ya tashi, Allah ya yi maka albarka.
Amma na maƙwabcina ya fi ƙarfin gogewa. Ka zo."
Inji ɗaya aka ce. Na tarar da huɗu
a jere, kamar masu karaya a zauren mai ɗori.

Ba kullum ba ne, kar in yi ƙarya.
Data na cin kuɗi kamar gara a rumbu.
Sabis kan gudu, sai na hau suri ina ɗaga hannu.
Wani ya turo min hoton kuɗin
da har yau ba su iso asusu ba.
Da damina kuwa waya kan yi gum,
sama ke ban ruwa, kuma ba ta neman bakanike.

Jiya na bi ta gindin ceɗiya.
Kututturen Baba na nan, da tabon baƙin mai.
Na ɗan zauna.
Kunnena da kansa ya koma ga hanya.
Sai aljihu ya ɗau rawa.
Hajo ce. "Kawu, wani a Jega na tambaya,
wai kai ne wanda ruwa ya tafi da hularsa?
Injinsa ya mutu tun shekaranjiya,
albasarsa ta fara kwanciya."

Na kakkaɓe wando, na ɗauki sifana.